Sikelin Ɗan Bala

Ƙarfen awo ɗaya ne ya ɓata a kantin Ɗan Bala, ɗan ƙarami, bai fi faɗin waina ba. Malam Garzali ne ya gano da hantsi, lokacin da ya shiga shara. Ya tsaya gaban sikeli da tsintsiya a hannu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya jingine tsintsiyar ya kira jandarmomin Agiye.

Da wani ne ya kira, dariya za a yi masa. Ana fama da ɓarayin shanu a daji, wa zai ƙona mai saboda guntun ƙarfe? Amma Ajudan Abdul'aziz, jami'in jandarma, a hannun Malam Garzali ya koyi karatu a lakol, makarantar boko, kuma har yau in ya ji muryar nan sai ya gyara zama. Ya hau babur ya kama hanyar Gazawa, ya sauka Tsamiyar Kanti kafin azahar.

Alhaji Ɗan Bala, kakan Malam Garzali, shi ya gina kantin tun zamanin da gujiya, wato gyaɗa, ke da daraja. Nan manoman karkarar ke kawo ta a kan jakuna da raƙuma, a auna, su sayi gishiri da kananzir da sabulu da atamfa su koma gida. Da aka yi fari gujiya ta mutu, kanti ya bi ta. Alhaji ya rasu, aka sa kwaɗo, jemagu suka gaje wurin. Sai da Malam Garzali ya ajiye alli sannan ya kwashe abin da ya tara ya gyara rufi, ya kori gara, ya mayar da komai mazauninsa: gwangwanayen shayi, fitilun ƙwai, keken ɗinki, tsohuwar rediyo, sandar awon yadi. Ya kafa allo a ƙofa, Gidan Tarihin Kantin Ɗan Bala. Baƙi kan zo jefi-jefi, ɗalibai daga Maradi da ma'aikatan ƙungiyoyi. Mutanen garin kuwa ba sa shiga. Daga bakin hanya suke gaishe shi su wuce. Malam ya ce jahilci ne, kuma bai taɓa faɗa a ɓoye ba.

Yanzu aljihunsa ya bushe, magada suna matsa masa a sayar da filin. Abu ɗaya ya rage masa: ranar kasuwa mai zuwa magajin gari zai zo da baƙi, a duba ko hukuma za ta ɗauki nauyin wurin. Malam ya shelanta wa kowa abin da zai yi ranar. Zai kawo sikelin zamani, a auna buhun hatsi a kansa, a sake aunawa a na kakansa a gaban jama'a, a ga yadda mutanen da suke da gaskiya.

"Nuna mani, Malam," in ji Ajudan.

Sikelin babba ne, da faranti na ƙarfe a ƙasa inda ake ɗora buhu, da dogon hannu a sama. A ƙarshen hannun akwai ƙugiya da ake rataya wa 'yan ƙarafa masu tsaga. Kowanne, duk ƙanƙantarsa, yana tsayawa a madadin kilo masu yawa.

"Na kilo hamsin guda biyu gare mu," in ji Malam. "Guda ya sha hannu, ya yi sumul, lambar ma ta kusa gogewa. Shi na rataya, don shi ya yi aikin. Gudan kamar sabo, shina bisa kanta. Yau na iske sabon a rataye, tsohon babu."

"Kwaɗon ƙohwa?"

"Lahiya lau."

"Waccan ƙohwar ta baya hwa?"

"Cikin gida ta nuhwa. Sakata kawai gare ta. Amma wa ke cikin gida? Iyalina da Gwaggo Shatu, sai Hamza da ke shigowa cin tuwo."

Ajudan ya zagaya a hankali. Duwatsun tagulla na ƙaramin ma'auni suna nan a jere. Keken ɗinki na nan, rediyo na nan. Ya dawo gaban sikelin ya tsuguna. An kwantar da wata 'yar sakata ta riƙe hannun, ba ya motsi. An shimfiɗa tsohon buhu a kan farantin, an cusa gefunansa ƙasa tsaf.

"Kai ka ruhe shi haka?"

"A'a. A buɗe nike barin shi. Yara na son hawa su ga hannun shina rawa." Malam ya riƙe gefen kanta. "Abdul'aziz, in baƙin nan sunka ji ana sata nan, shi ke nan. Ba ni da wani abu bayan wanga ɗaki."

Ajudan bai taɓa jin tsohon malaminsa ya yi roƙo ba. Abin ya dame shi, ya fita bincike.

Ya fara da Chindo, mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda kowa ya san ya sha taya sikelin. Ya same shi a bayan kasuwa, tsakiyar tulin tukwane masu huda da gatarin amalanke.

"Chindo, ka san kantin Ɗan Bala."

"Daga waje, ranka shi daɗe."

"An ce kana son sikelin."

"Ina so, ban ɓoye ba. Ƙarhe ne mai kyau."

"An ɗauke ƙarhen hamsin."

Chindo ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Wannan ɗan abin? Ranka shi daɗe, ko kuɗin shayi ba shi yi. Da ni na shiga, tagullar nan zan bari? Kuma in sato guda, in tsaya in rataya wani, in ruhe da buhu? Ni hwasa ƙarhe nike, ba renon shi ba."

Jiya duk yini yana Gazawa da amalankensa, can ya kwana, kuma direban da ya ɗauko masa kaya ya tabbatar. Ajudan ya cire shi daga zargi.

Hamza, ɗan baffan Malam Garzali, yana sayar da mai a kwalabe a bakin tasha. Shi ne kan gaba cikin masu cewa a sayar. Bai tashi ba da ya ga kaki.

"Kana so a rushe kantin."

"Tun jiya ma."

"Don mi?"

Hamza ya kau da kai ya gyara kwalba. "Ina da dalilina."

"Kana shiga gidan. Ƙohwar baya sakata ce kawai."

"Ina shiga. Amma Ajudan, in bikin Yaya nike son ɓatawa, sai in kwashe ƙarahwan duka, ko in karya hannun. An ce wani an rataya. To awon ya tsaya?"

Ajudan ya ga Hamza na da gaskiya. Awon bai tsaya ba. Ranar kasuwa za a ɗora buhu, a karanta, a tafa. Ɓarawon bai hana komai ba, ƙarfen da za a auna da shi kawai ya sauya. Ya miƙa wa Hamza 'yar sakatar babur ɗinsa da ta kwance ya ce ya ɗaure masa, ya kalli hannunsa: garaje, ya murɗa ya bar ta a karkace. Ba wannan hannun ne ya cusa gefen buhu ba.

Wanda ya rage cikin ma'aikatan kantin na da shi ne Baba Rabo, tsohon ɗan dako. Yana zaune a inuwar masallaci, yanar ido ta rufe masa gani, sai an ja shi yake zuwa ko'ina. Wannan ba zai laluba cikin gidan mutane ba. Ajudan ya tsuguna ya gaishe shi.

"Baba, zamanin Alhaji, in an tashi aiki, yaya ake barin sikeli?"

"A kwantar da sakata, a ruhe da buhu. In an bar shi shina lilo, haƙoran shi na cinyewa. Alhaji ba shi yahe wannan ba."

"Ku ke ruhewa?"

"Mu? Ɗan dako bai taɓa sikeli. Mu aza buhu, mu ja baya. Ko ɗiyan shi maza ba shi bari, ya ce hannun su da gaggawa."

"To wa?"

Tsohon ya juya carbi. "Ɗiya tai. Shatu. Tun tana 'yar ƙarama. Ita ke miƙo ƙarhe, ita ke ratayawa, ita ke ruhewa."

"Na hamsin guda biyu ne. Mi ya sa guda ya goge, guda kamar sabo?"

"Yaro," in ji Baba Rabo, "an kira salla. Kama mani hannu."

Ba a kira sallar ba tukuna. Ajudan ya kama masa hannu ya kai shi bakin masallaci, ya juya ya nufi gidan Ɗan Bala. Ya riga ya san abin da zai tarar, kuma ba ya son tarar da shi.

Gwaggo Shatu, autar Alhaji kuma gwaggon Malam Garzali, ta haura saba'in da kyau. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar wake. Da ya yi sallama sai ta rufe ƙwaryar da zane, ta cusa gefunan ƙasa, hannunta na yi ita ba ta ko kallo.

"Gwaggo, ina yini."

"Lahiya lau, ɗana. An samu ɓarawon?"

"Ina bisa hanya. Tambaya gare ni. Ƙarhe biyu, lamba guda. Shekara da shekaru ana awo da guda, gudan na ajiye. Wace rana ake hiddo shi?"

"Na manta. Tsuhwa."

"Hannunki bai manta ba, Gwaggo. Wanda ya shiga jiya ya kwantar da sakata, ya ruhe da buhu. Malam bai san ana yi ba. Hamza bai sani ba. Baba Rabo ya sani amma ba shi gani, kuma bai taɓa taɓawa ba. Ɓarawo bai ɗauki abin sayarwa ba, bai ɓata bikin ba. So shike ranar kasuwa awo shi hito daidai. Ke nan ya san da tsohon ƙarhen ba za shi hito daidai ba."

Ta dubi ƙasa. Kaza ta zo ta tsinci ƙwayar wake a gefen tabarmarta, ba ta kore ta ba.

"Ranar da ma'aikacin duba awo za shi zo," ta ce a hankali. "Ran nan kaɗai ake hiddo sabon."

Ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki, ta jawo wata 'yar akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai farin yadin da ta tanada na likkafaninta, da sabulu da turare, kamar yadda tsofaffi kan yi. Ta ɗaga yadin. Ƙarfen na kwance a ƙasa.

Ajudan ya juya shi ya kankare bayansa da wuƙa. Baƙin fenti ya tashi, darma ta bayyana, an zuba ta ta cika ramin ƙasan fal don ƙara masa nauyi.

"Na kai shi bakin rijiya," in ji ta. "Sai na tuna jikokin mutanen nan ke shan ruwan. Na kasa. Na ce to shi zauna kusa da kayana, tunda tare za a tambaye mu." Ta mayar da yadin mazauninsa. "Ina yarinya, ɗana. Baba shi ce, Shatu miƙo na gida, in miƙa. Na girma na gane, kuma ban daina miƙawa ba. Na tambayi malamai, sunka ce a mayar ma masu shi ko magadan su. In mayar ma wa? Wasu yunwa ta kashe, wasu sun tahi kudu ba su dawo ba. Ban san ko sunayen su ba. Huskokin kawai nike gani."

"Mi ya hana ki hwaɗa ma Malam?"

"Garzali bai san uban shi ba, Baba ya rene shi. Ka ga yadda shike shara ɗakin nan. In ce mashi mi?" Ta kama hannun rigar kakinsa. "Ka tahi da ni Agiye, ka ce haɗama ta sa ni. Amma kar garin nan shi ji. Sunan nan kaɗai ya rage muna."

Da ya iya, da ya yi. Ya yi tunanin jefa ƙarfen cikin aljihu ya ce bincike ya ci tura. Amma da ya waiga, Malam Garzali na tsaye a bakin zaure, Hamza a bayansa da kwanon tuwo, kuma fuskar Malam ta nuna ya ji abin da ya isa.

"Ba ni," in ji Malam.

Ba wanda ya iya hana shi. Suka bi shi ta ƙofar baya. Ya aiki Hamza ya ɗauko sikelin zamanin da aka aro don bikin, suka auna buhun hatsi ya cika hamsin cif. Suka ja shi kan farantin Ɗan Bala. Da sabon ƙarfen, hannun ya tashi ya tsaya daidai. Malam ya cire shi ya rataya tsohon. Hannun ya kwanta, bai ko motsa ba. Ya ɗebo hatsi da tiyar kantin ya zuba a kan buhun, shiru. Sai da ya ƙara wajen rabin wata sannan hannun ya ɗago, a hankali, kamar mai jin kunya.

"Kowane buhu," in ji Malam. Ba tambaya ba ce.

"Kowane," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa.

Ya zauna a kan buhun. Mutumin da ya yi shekaru yana dukan yara a kan satar amsa, ga shi ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ɗago. "Ba wanda za shi ji. Mu huɗu ne. Na janye ƙara, Abdul'aziz. A auna da sabon ranar kasuwa, kowa shi tahi gida."

"Yaya," in ji Hamza. Babu faɗa a muryarsa yau. "Wa za ka ɓoye ma? Kowa ya sani."

Gwaggo ta juyo.

"Mata na auna gujiya da tiya a gida kahin a ɗaure buhu, Gwaggo. Sun san abin da sunka zuba. Ba su da wani wurin kaiwa, kuma in damina ta yi tsanani nan suke samun hatsi, sai sunka yi shiru. Amma sun hwaɗa ma ɗiyan su, ɗiyan sun hwaɗa ma nasu. Ni a tasha nike yini. In na cika kwalba sai wani shi ɗaga ta shi duba a rana, shi ce a dai yi hattara, jinin Ɗan Bala ne. Tun ina yaro nike sha." Ya dubi ɗan'uwansa. "Ba jahilci ya hana su shigowa ba, Yaya. Kunyar ka suke ji, ka karantar da ɗiyan su. Ranar kasuwa da ka auna ya hito daidai, da sun tahwa maka, su koma gida su yi abin da sunka saba."

Gwaggo Shatu ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Tun ƙuruciya take ɗauke da abin nan ita kaɗai, ta hana kanta barci, a ƙarshe ta yi sata a gidan ubanta, duk don ta rufe abin da har matan da take gaisawa da su a wurin biki suka sani. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi sauƙin kallo.

Ajudan ya koma Agiye ya shaida wa na gaba da shi cewa kayan ya fito a cikin gida, mai ƙara ya janye. Ba ƙarya a ciki, amma bai ci abinci ba ranar. Ya sha kama ɓarayi ya ji daɗi. Wannan karon ya gano gaskiya duka, kuma bai ga mutum ɗaya da ta amfana ba.

Ba a yi bikin ba. Malam ya aika wa magajin gari cewa ba shi da lafiya, daga baya kuma ya sa hannu aka sayar da filin.

Bayan an gama girbi, aiki ya sake biyo da Ajudan ta Tsamiyar Kanti. Ya tarar an sauke allon, an jingine shi fuska ga bango. Amalanken Chindo na ƙofa, an loda fitilu da keken ɗinki. Malam Garzali na tsaye gefe, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya zaro tsohon ƙarfen daga aljihu ya nuna masa.

"Wannan ban sayar ba. Na share ɗakin nan ina ce ma yara ga tarihi, ashe duk cikin kayan shi kaɗai ne tarihin." Ya mayar da shi aljihu. "Ka yi aikin ka da kyau, Abdul'aziz. Kullum kai ke hwara gano amsa."

Ajudan ya juya ya dubi ƙofar kantin.

Ƙarti huɗu suka turo sikelin waje, suna nishi, suka ɗora shi a kan amalanke. Hannun na ta lilo yana bugun ƙarfe. Chindo ya ɗaga sanda zai kora jaki.

"Ku dakata."

Gwaggo Shatu ce ta fito daga zaure, tana dogara sanda, da tsohon buhu a kafaɗa. Mutanen da suka taru a bakin hanya suka buɗe mata. Ta isa amalanken ta miƙa hannu ta kwantar da 'yar sakatar, hannun ya tsaya cak. Ta shimfiɗa buhun a kan farantin ta cusa gefunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo," in ji Chindo a hankali, "hwasa shi za a yi."

"Na sani," ta ce. "Haƙoran shi na cinyewa in an bar shi haka."

Ta juya ta koma cikin gida. Chindo ya kora jakinsa.